Sashen Garwashi

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin lauyar gwamnati a Dutse, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wadda Darakta ya kira ni ofishinsa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Barista, a makaranta an koya muku wanda ya mallaki rana?" Na ɗauka zolayarsa ce ta kullum, na ce, "Yallaɓai, wadda ke sama ko wadda ke kalanda?" Bai yi dariya ba. Ya turo mini fayil ya ce in zauna. Tunda ku matasan lauyoyi kun dame ni da tambayar yadda kalmar garwashi ta shiga takardar gwamnati, to daga nan aka faro.

Na kama aiki 'yan shekaru bayan an ƙirƙiro Jigawa, lokacin da Dutse ba ta wuce ka zagaye ta a kan babur kafin shayi ya huce ba. Abin da zan ba ku labari ya faru ne a shekarun farko na ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ina ƙaramar lauya a sashen ba da shawara. Ga waɗanda ba 'yan gida ba, aikinmu ba tsayawa gaban alƙali ba ne. Idan wata ma'aikata ta rasa inda doka ta dosa, sai ta turo mana fayil, Darakta ya miƙa wa ɗayanmu. Mu yi bincike, mu rubuta shawara ko mu tsara daftarin ƙa'ida, a kai wa Babban Sakatare, shi kuma ya kai wa Kwamishina ya sa hannu. Aiki ne na zaman kujera, kuma ni ina son kujerata.

Abin da ke cikin fayil ɗin shi ne wannan. A wani ƙauye na ƙasar Miga, wanda ba zan kama sunansa ba, an kafa farantan sola, na farko da mutanen yankin suka taɓa gani. Wutar tana tayar da famfon rijiyar burtsatse, tana riƙe firjin allurar rigakafi a ɗan asibitin garin, tana kunna lasifikar masallaci, sannan an ja waya zuwa wasu gidaje da shaguna. Waɗanda suka kafa sun bar ƙa'ida cewa kowane gida ya riƙa ba da wani abu duk wata, mai kuɗi ya ba da kuɗi, mai hatsi ya ba da hatsi, wanda bai bayar ba a hana shi komai, har ruwan famfo, wanda aka sa wa kwaɗo. Wanda aka ɗora wa kula da kayan da karɓar abin da aka tara shi ne Malam Isyaku, na'ibin limamin garin, saboda kowa ya shaide shi da amana.

Sai abu biyu suka faɗo masa a kai lokaci guda. Na farko daga hukumar wuta ta tarayya. A dokar wancan zamani, a aikace hukuma ɗaya ce ke da ikon sayar da wutar lantarki a ƙasar nan, kuma jami'inta na yankinmu, Injiniya Bala, ya ji labari ya ce ana cinikin wuta ba lasisi, a rufe. Na biyu daga cikin garin. Wani da aka hana matarsa ɗiban ruwa ya je wurin liman, Malam Babba, ya tambaye shi ko ya halatta a sayar da wuta. Malam ya amsa da hadisin da ya nuna mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawar kiwo da wuta. Ya ƙara da cewa mai janareta ko ya karɓi kuɗi an san na fetur ne, amma rana babu wanda ya saye ta balle ya sayar.

"Kin gani ko," in ji Darakta. "Wata doka ta ce kada ya sayar don wuta ta hukuma ɗaya ce. Wata ta ce kada ya sayar don wuta ta kowa ce. Ban taɓa ganin sun haɗu a kan magana ɗaya da sauri haka ba. Ki je ki gani da idonki, ki dawo mini da abin da zan iya sa wa hannu."

Na ce, "Yallaɓai, ba za a iya rubutawa daga nan ba?"

Ya ce, "Za a iya. Shi ya sa nake so ki je."

Motar ofis ta kai ni Jahun, daga nan muka bi hanyar yashi cikin zafin bazara. Da na isa sai na tarar abin ya wuce yadda fayil ya faɗa. Malam Isyaku ya riga ya kai wa dagaci mabuɗin ɗakin batura ya ce a nemi wani. Ba wanda ya karɓa. Farantan sun yi ƙura, famfo yana zubowa kamar mai rowa, ma'aikacin asibiti kuma ya kwashe alluransa ya mayar Miga. Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba.

Malam Babba tsoho ne mai ciwon gwiwa, da daɗewa Malam Isyaku ke jan mafi yawan salloli a madadinsa. Tun ranar da aka yi wannan fatawa, duk da Malam bai kama sunan kowa ba, mutane suka daina bin Malam Isyaku salla. Suka ce wanda hannunsa ya karɓi haram ba zai tsaya a gabansu ba. Idan ya shige gaba sai sahu ya watse da dabara, wannan ya tuna alwalarsa ta karye, wancan ya tsaya gyaran takalmi. Da ya gane sai ya koma sahun baya, kusa da ƙofa. Tsohon kuma ya dawo yana jan ƙafa da sanda yana yin limancin da kansa.

An sauke ni a gidan Malam Isyaku, a ɗakin mahaifiyarsa, Gwaggo Asabe, don ba a saukar da mace a zaure. Da yamma na same shi a ƙofar gida, mutum ne siriri mai sanyin magana. Na ce masa idan yana so, akwai hanyar da za a kai maganar gaban alƙali a tantance.

Ya girgiza kai. "Hajiya, ni da Malam a gaban alƙali? A gabansa na fara riƙe allo. Ko da ya yi kuskure, ba bakina ne zai faɗa ba."

Na ce, "To kai kana ganin haram ka ci?"

 Ya ce, "Wallahi ko ƙwayar gero ban kai cikina ba, duk ruwan batir da gyara ya tafi. Amma tunda Malam ya faɗa, ni ma na fara shakkar kaina. Wutar nan su kashe ta in sun ga dama. Ni dai sahun gaba nake jin ciwonsa."

Gaskiya raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushi ba. Malam bai faɗi ƙarya ba, Injiniya bai ƙirƙiri doka ba. Na zo da littattafaina biyu a jaka, na duba su har idona ya gaji, babu inda aka ambaci mutumin da aka mayar sahun baya.

Washegari bayan asuba ina zaune a tsakar gida da carbina, Gwaggo Asabe ta riga kowa hura murhu, kamar yadda ta saba. Sai ga wata maƙwabciya ta yi sallama da ɗan kasko a hannu. Na san tana cikin matan da suka daina karɓar abincin gidan, don Gwaggo ta nuna mini ita jiya da haɓa. Amma ɗiban wuta daban ne, ba a gaba a kansa. Ta durƙusa, Gwaggo ta zuba mata garwashi ba tare da ta ɗaga kai ba. Da matar za ta tashi sai ta kai hannu ta zari wani guntun itace daga gefen murhu, wai don ya riƙe mata wutar a hanya.

Gwaggo ta kama ɗaya bakin itacen. "A'a, Lami. Wuta ta Allah ce, ɗebi har kaskonki ya cika. Itacen nan kuwa da kuɗina na sayo shi ranar kasuwa."

Matar ta saki tana dariya, ta fita. Su a wurinsu ba a yi komai ba. Ni kuwa carbin ya tsaya a hannuna. Na tashi a gidan da ake ɗiban wuta, ni kaina na sha ɗebowa, amma sai da na yi digiri na zo ƙasar Miga sannan na ga cewa ƙa'ida ce cikakkiya mai sashe biyu. Na ce wa Gwaggo ta aika a nema mini iso wurin Malam.

Na same shi a zaurensa da hantsi, ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan buzu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, an ce daga Dutse aka turo ki ki gyara mini karatu."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni wa? Tambaya na kawo, irin ta mata. Idan maƙwabciya ta zo ɗiban wuta, ya halatta a hana ta?"

"Bai halatta ba."

"Idan ta ce a haɗa mata da itace fa?"

Ya dube ni da kyau. "Itace dukiya ce. Mai shi in ya ga dama ya bayar, in ya ga dama ya sayar. Na san inda kika nufa. Amma wutar can ba ta cin itace. Haka aka gaya mini, rana kawai take sha."

Na ce, "Allah gafarta Malam, in za ka daure wa ƙafar nan, ina so in nuna maka itacenta."

Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Da wani malamin ne, da ya ce ya riga ya yi magana. Shi kuwa ya nemi sandarsa. Dagaci ya kawo mabuɗi, aka buɗe ɗakin, zafi ya buso mana. Batura suna jere a kan katako. Na nuna masa masu aiki, sannan na kai shi lungu inda Malam Isyaku ya ajiye waɗanda suka mutu, sun kumbura, bakinsu ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Na yi masa bayani iya sanina, cewa rana tana faɗuwa amma firji ba ya barci, waɗannan ne ke riƙe wutar, kuma kullum suna cinyewa a hankali har su ƙare, sai an sayo wasu daga Kano.

Malam ya taɓa ɗaya daga cikin matattun da bakin sandarsa. Ya ce, "Wannan toka ce ke nan."

Na ce, "Toka ce, Allah gafarta Malam."

"To waɗancan itace ne. Ba a gaya mini haka ba, ni kuma ban zo na duba ba." Na fara jin daɗi, har na soma tsara yadda zan ba Darakta labari. Sai tsohon ya juyo. "Kin nuna mini itace. Ina garwashin?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"An hana mace ruwa a garin nan saboda mijinta ba shi da hatsi. Wannan ba kuɗin itace ba ne, hana ɗiban wuta ne. Ki koma ki gaya wa manyanki, in dai za a rubuta abin da ba a hana kowa, a sa hannu, a karanta a gabana, zan tashi a gaban jama'a in faɗi abin da na gani yau. Kafin nan ba zan ce komai ba, don in na wanke Isyaku alhali famfo yana da kwaɗo, na wanke kwaɗon ne."

Na dawo Dutse da aikin da ya fi wanda na tafi da shi, kuma na yi shi da dukkan ƙarfina. Na tsara ƙa'idar kashi biyu. Sashe na farko na sa masa suna garwashi: ruwan famfo, firjin asibiti, fitilar dandali da lasifikar masallaci, ba a hana kowa, ko ya bayar ko bai bayar ba, ɗan gari ne ko Bafulatanin da ya biyo da shanunsa. Sashe na biyu itace: duk wanda aka ja wa waya zuwa ɗakinsa ko shagonsa zai sa hannu wajen sayen batura da gyara, gwargwadon abin da yake kunnawa. Kayan kuma na mayar da su mallakar ƙungiyar gama-kai ta mutanen garin, ba na mutum ɗaya ba.

Darakta ya karanta ya cire tabarau. "Barista, takardar gwamnati ce ko hirar madafa? Garwashi? Ki nemo kalmar da ta dace."

Na ce, "Yallaɓai, na Turancin zan sa masa duk kalmar da kake so. Amma na Hausar a gaban tsohon da ya ba ni kalmar za a karanta shi. In na canja ta, zai ce ba abin da muka yi magana ba ne."

Ya ce, "Taurin kai gare ki." Ya ɗauki biro ya gyara mini waƙafi ɗaya don kada a ce bai yi komai ba, ya bar kalmar.

Saura Injiniya Bala. Aka kira shi zama a ofishin Babban Sakatare, ya zo ya sha mur, da dokarsa a hammata. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ɗauke shi ya tsare ke nan. Na tambaye shi ko wayar ƙauyen ta taɓa layinsu. Ya ce a'a, layinsu bai kai can ba tukuna. Na tambaye shi ko doka ta hana mutum kunna janareta a gidansa don amfanin kansa. Ya ce ba ta hana ba. Na ce to idan 'yan gida ɗaya suka haɗa kuɗin fetur, wa ya sayar wa wa? Ya ce babu. Na tura masa daftarin na ce ya nuna mini mai saye da mai sayarwa a ciki. Ya karanta sau biyu, ya kai ga sashen farko ya tsaya.

"Mene ne kuma garwashi?"

Babban Sakatare, wanda mutumin Taura ne, ya ce, "Injiniya, kai a gidanku da ashana aka haife ku?" Aka yi dariya, har da shi. Ya nemi a ƙara sharaɗi cewa wayar ba za ta tsallake iyakar garin ba, kuma duk ranar da layinsu ya iso za a sake zama. Na ƙara, don sharaɗi ne mai ma'ana. Kwamishina ya sa hannu kafin ruwan farko ya sauka.

Ni na roƙa a bar ni in kai takardar da kaina, ni da ba na son barin kujera. Aka tara mutane a ƙofar dagaci bayan la'asar, magatakardansa ya karanta da ƙarfi, ni ina daga cikin zaure tare da mata muna leƙe. Da aka gama, dagaci ya aika aka cire kwaɗon famfo. Malam Babba ya dafa sanda ya miƙe, ya ce an tambaye shi ya amsa da abin da ya sani, yanzu ya je ya gani da idonsa, abin da ake tarawa kuɗin itace ne, halal ne. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ambaci Malam Isyaku ba, bai ko dubi inda yake ba. Mutane suka watse. Na ce a raina, an gyara famfo, an bar mutum.

Direba ya ce mu kama hanya kafin duhu, na ce sai na yi magariba. Na koma gidan Gwaggo Asabe, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni ban iya ko dubanta ba. Aka kira salla. Malam Isyaku ya wanke farantan tun da rana ba tare da kowa ya sa shi ba, don haka lasifika ta fito tas. Aka ta da iƙama, sai aka ɗan yi jinkiri, muna jin motsi da ƙwanƙwasar sanda a kan siminti. Sannan muryar tsohon ta fito, kusa da makirufo, ba da niyyar a ji a gari ba: "Wuce mana, Isyaku. Ƙafar nan ta gaji da jiranka."

Aka yi kabbara. Muryar da ta ja Fatiha siririya ce, tana rawa a farko, sannan ta daidaita. Da ya kai ƙarshe, amin ɗin da ya biyo baya ya cika garin, na sahu cikakke. Gwaggo Asabe ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta suna motsi. Ni ma ban tsaya ɓoye hawayena ba. Ban taɓa alfahari da aikina kamar wannan magaribar ba, kuma har yau ban sake ba.

Daga baya doka ta canja, aka buɗe kasuwar wuta, kamfanoni suka shigo, yanzu ga shi har jihohi suna tsara tasu. Ku ne za ku rubuta waɗannan ƙa'idoji, kuma kun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Abin da zan ce muku kaɗan ne. Duk dokar wuta da za ku tsara, akwai wanda za ta tsayar a sahun gaba ko ta mayar da shi bakin ƙofa, kuma ba za ku gan shi daga ofis ba, sai kun je. Mai zuba jari yana da haƙƙin itacensa, kada ku bari a zare masa. Amma kafin ku kai wa Darakta fayil, ku sake karantawa daga farko, ku yi wa kanku tambayar da tsohon nan ya yi mini a ɗakin batura. Idan ba ku ga garwashin ba, daftarin bai gama ba.